Amsar Wasiƙunku: Me Ya Sa Ake Tafi Ga Iyalin Da Ke Shirin Shiga Wuta?

 Yau wasiƙu biyu za mu haɗa mu amsa, don kuwa kan abu guda suka faɗa. Ta farko daga wani ɗalibi ce a Zariya. Ya ce ya karanta cewa tsohon shugaban Amurka Barack Obama da maiɗakinsa sun taɓa zuwa kallon wani tsohon wasan kwaikwayo mai suna A Raisin in the Sun, shin wane irin wasa ne, kuma yaya masu kallo suka karɓe shi? Ta biyu kuwa daga wata malamar makaranta ce a Damagaram, wadda ta ga fim ɗinsa, take tambaya ko daidai ne a ce labarin ya ƙare da daɗi.

To, madalla. Wata baƙar fata 'yar birnin Shikago, Lorraine Hansberry, ita ta rubuta wasan. An fara nuna shi a Broadway, wato unguwar manyan gidajen wasa ta birnin Niyok, ran 11 ga Maris 1959. Shi ne wasa na farko na wata baƙar mace da ya hau dandalin Broadway, aka kuma nuna shi sau 530.

Ga labarin a taƙaice. Wani magidanci ne ya rasu, kamfanin inshora ya biya matarsa Lena dala 10,000. Su biyar ne cunkushe a ɗan ƙaramin gidan haya, har jikanta a kan kujerar falo yake kwana. Ɗanta Walter, direban wani attajiri, yana so a ba shi kuɗin ya shiga hannun jari a kantin giya. Uwar ta ce faufau, imaninta bai yarda ba. Ƙanwarsa Beneatha kuma likita take son zama. Sai uwar ta kai kafin alƙalami na dala 3,500 a kan wani gida a unguwar Turawa zalla. Da ta ga ran ɗanta ya ɓaci ƙwarai, ta damƙa masa ragowar 6,500, da sharaɗin ya ajiye 3,000 don karatun ƙanwarsa. Shi kuwa gogan ya kwashe duka ya miƙa wa abokin ciniki, abokin ya gudu da su. Ana cikin haka, ga wakilin Turawan unguwar ya riga ya zo da tayi: a sayar masu da gidan da riba, kada dai a tare. Walter ya kusa karɓa, amma a gaban ɗansa ya kasa, ya ce za su tare.

Yanzu sai batun masu kallo. Marubucin nan James Baldwin, wanda ya ga wasan a 1959, ya rubuta daga baya cewa bai taɓa ganin baƙaƙen fata da yawa haka a gidan wasa ba, dalili kuwa ba su taɓa ganin gaskiyar zamansu a kan dandali kamar haka ba. Wasu Turawa masu sharhi kuma suka riƙa yabon wasan da cewa ai labarin kowane iyali ne, launin fata bai shigo ciki ba. Marubuciyar ba ta yarda da wannan yabo ba. Ta nace cewa iyalin baƙaƙe ne, na kudancin Shikago, kuma ta hanyar faɗin gaskiyarsu dalla-dalla ne labarin zai taɓa kowa. Har a tsakanin 'yan wasan ma an sami saɓani. Sidney Poitier, wanda ya fito a matsayin Walter, ya ba da labarin yadda ya yi ta jayayya kan cewa ɗan ne ya kamata ya zama ginshiƙin wasan, ba uwar ba.

A 2004 aka sake ɗora wasan a Broadway, Kenny Leon ya ba da umarni. Mawaƙi Sean Combs, wanda a lokacin tauraronsa ke haskawa, shi aka ba matsayin Walter. Masu sharhi ba su yaba wasansa sosai ba, amma sunansa ya jawo matasa da yawa waɗanda ba su saba shiga irin waɗannan gidaje ba. Sun zo ganin mawaƙi, sai suka tarar da Phylicia Rashad a matsayin uwa, wadda ta zama baƙar mace ta farko da ta ci kyautar Tony ta babbar jaruma a wasan da ba na waƙa ba.

Wanda Obama ya gani, ɗalibinmu na Zariya, shi ne na 2014, a watan Afrilu, a gidan wasa na Ethel Barrymore, inda aka fara nuna shi shekara 55 kafin nan. Denzel Washington ne Walter. A nan kuma abin da ya fi jawo surutu shi ne shekarunsa. A rubuce Walter ɗan shekara 35 ne ko kusa da haka, shi kuwa Denzel yana da 59, matar da ta fito a uwarsa ma shekara 5 kacal ta girme shi. Wasu suka ce abin bai zauna ba. Wasu kuma suka ce ai hakan ya ƙara wa labarin ɗaci, don mai furfura da har yanzu yake jiran uwa ta buɗe jaka ya fi saurayi ban tausayi. Wasan ya ci kyautar Tony guda 3, ɗaya ta Sophie Okonedo ce, 'yar Ingila wadda mahaifinta ɗan Nijeriya ne. Dama akwai Nijeriya a cikin wasan: ɗaya daga cikin masu neman Beneatha ɗalibi ne Bayarabe, Asagai. Ba abin mamaki ba ne, don baffan marubuciyar, William Leo Hansberry, malamin tarihin Afirka ne a Jami'ar Howard, kuma Nnamdi Azikiwe na cikin ɗalibansa.

To, Malama ta Damagaram, ga amsarki. Masu kallo da yawa suna fita da murna, ganin Walter ya ƙi sayar da mutuncin gidansu. Amma a duba abin da ke ƙasa. Kuɗin karatu sun tafi, ga bashin gida wata-wata, ga matar Walter da juna biyu, ga maƙwabtan da suka riga suka ce ba a son su. Marubuciyar ta san abin da ke jiransu, don ta ɗanɗana. Tana 'yar shekara 8 mahaifinta ya tare da su a irin wannan unguwa. Gungun Turawa suka kewaye gidan, aka jefo dutse ta taga ya kusa samunta, uwarta ta riƙa gadin gida da bindiga cikin dare. Shari'ar ta kai Kotun Ƙolin Amurka a 1940. Sai a 1968 aka kafa dokar ƙasa da ta hana wariya wajen sayar da gida ko ba da haya, shekara 3 bayan rasuwarta tana da shekara 34.

Akwai ma wani sashe da aka cire a 1959, inda wata maƙwabciya ta shigo da jarida mai labarin jefa bam a gidan baƙaƙen da suka tare cikin Turawa. A 2022, da Robert O'Hara ya sake shirya wasan a gidan Public Theater na Niyok, sai ya rufe shi da nuna sabon gidan an rubuta masa zagin wariya a jiki. Nan ma aka rabu: wasu suka ce ya maido da abin da tafi ya binne, wasu suka ce ya yi wa marubuciyar shisshigi.

Mu dai a namu ganin, Malama, tafin yana kan hanya matuƙar mai tafin ya san abin da yake wa tafi. Ba arziki iyalin suka samu ba, kuma ba kwanciyar hankali za su tarar ba. Abin da suka tsira da shi shi ne uba bai koya wa ɗansa cewa akwai farashin da za a saye su da shi ba. Amanar ƙanwa da Walter ya ci kuwa tana nan a wuyansa, labule ya sauka bai biya ba. Wanda ya fita yana ganin komai ya daidaita, rabin wasan ya kalla.

Da fatan mun gamsar da ku. Sauran wasiƙu suna nan a hannu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.