Lissafin da Mai Shagon Caca Ba Zai Yi Maka Ba

'Yan uwana matasan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, yau kan tikitin ƙwallo za mu tsaya. Hukuncin caca malamai sun gama faɗa, ni lissafi na zo da shi.

'Yan karta suna da ƙa'ida: in akwai ₦4,000 a tabarma, kai kuma za ka zuba ₦1,000, sai kana ci sau ɗaya cikin biyar kafin ma uwar kuɗinka ta dawo.

To mu auna tikiti da wannan mudun. Ka haɗa wasa 10, kowanne rabi da rabi ne. Damar duk su shigo ɗaya ce cikin 1,024. Da adalci ake yi, ₦100 ɗinka ₦102,400 za ta jawo. Amma in kamfani ya sa 1.90 maimakon 2 a kowane wasa, kusan ₦61,300 za a biya ka. Sauran ₦41,000 fa? An zaftare tun kafin a take leda.

Saboda haka "wasa ɗaya ne ya yanka ni" ba rashin sa'a ba ne, malam, haka aka tsara abin. Rashin tsaro ya raba da yawanmu da gona. Ɗan abin da ya rage a hannu, mu riƙe shi gam.