Wanda Ya Taɓa Jinya Shi Ya San Hanya

Jawabi ga ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci na Kazaure, Babura, Roni da Gwiwa



Maganata a yau a kan gidan da Allah ya jarraba da matashi mai taɓin hankali ce. Kun san yadda abin yake farawa. Saurayi ya daina barci, ya riƙa magana shi kaɗai, ko ya ce ana bin sa. Budurwa ta shige ɗaki, ba ci ba magana. Wani shaye-shaye ne ya jawo masa, wiwi ko sholisho ko ƙwaya. Wani kuwa bai taɓa shan komai ba, ciwo ne kawai kamar hawan jini.

Idan mutum ya karye, gida cika yake yi da 'yan dubiya. Amma idan ciwon hankali ne, sai a ja ƙofa. Uwa tana kuka a ɓoye, uba yana tsoron kada a ƙi auren 'ya'yansa. Daga nan sai sarƙa, sai gidan mari. Mun ji abin da ya faru a shekarar 2019, da 'yan sanda suka buɗe irin gidajen nan a Rigasa ta Kaduna da kuma Daura, nan kusa da mu. An sami ɗaruruwan mutane, da yawansu ɗaure da sarƙa, jiki duk tabo. Yawancin iyayen da suka kai su ba mugunta suka nufa ba. Rasa mai nuna musu hanya suka yi.

To, wa zai nuna hanyar? A ganina babu kamar wanda ya taɓa yin wannan jinya a gidansa. Kusan kowane gari akwai uwa ko uba da suka kai ɗansu asibitin masu taɓin hankali na Kazaure, ko na Dawanau a Kano, ya sami sauƙi ya koma gona. Su nake roƙo. Idan kun ji maƙwabci ya shiga wannan hali, ku je. Mace ta je wurin mace, namiji wurin namiji. Kada ku fara da wa'azi ko faɗa. Ku zauna ku saurara tukuna, sannan ku ce: "Mu ma mun ga haka."

Ku gaya musu abin da kuka koya. Maganin asibiti ba ya aiki rana ɗaya, yakan ɗauki makonni. Idan yaro ya ji sauƙi aka bar magani, ciwon yakan dawo. Idan maganin ya sa wuyansa ya sandare ko hannu yana rawa, a koma wurin likita ya gyara, kada a zubar. Addu'a kuma ba ta hana shan magani, a haɗa su.

Abu biyu ba sa jiran gobe. Idan yaro ya ce zai kashe kansa, kada a ce wasa yake. Kada a bar shi shi kaɗai. A ɗauke maganin ƙwari da igiya da wuƙa, a nemi mota. Haka kuma idan ruɗewar ta zo da zazzaɓi mai zafi, a garzaya asibiti mafi kusa, domin tana iya zama sanƙarau ko maleriya.

Sa dangi cikin jinya ba baƙon abu ba ne. Tun 1954 wani likita, Dakta Lambo, ya riƙa saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kusa da asibitin Aro a Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa mai kula da shi. A watan Janairu na 2023 kuma an sa hannu a sabuwar doka da ta maye ta 1958. Ta ce mai wannan ciwo yana da haƙƙi kamar kowa, ba a yarda a azabtar da shi ba.

Ku da kuka koyi karatu, ga aikinku. Ku karanta wa gidan katin asibiti, ku rubuta musu ranar komawa da lokacin shan magani. Wani ya karɓi uwar ta samu ta yi barci, wasu su yi wa uban gayya a gona. Idan gidaje biyar ko shida suka haɗu, sai su sanar da mai unguwa, su kafa adashin kuɗin mota. Amma sirrin gidan mutane ya tsaya a tsakaninku, kada ya kai bakin rijiya ko teburin mai shayi.

Wanda yake da tambaya ya ɗaga hannu. Wanda kuma ya fi son mu yi magana mu biyu, ina nan bayan an tashi.