Manufar Koyon Sana'a ta Ƙasa: Aji Ɗaya a Makaranta, Aji Dubu a Gareji



A shekarar 1982 Najeriya ta fara aiki da tsarin karatun nan na 6-3-3-4. Babban alkawarinsa shi ne yaro ba zai gama ƙaramar sakandare ba sai hannunsa ya san zarto da guduma da wayar lantarki. Gwamnati ta kashe maƙudan kuɗi ta sayo injunan koyarwa daga ƙasashen Gabashin Turai, aka rarraba wa makarantu. Waɗanda suka yi sakandare a wancan zamani sun san inda labarin ya ƙare. A makarantu da yawa ko buɗe akwatunan ba a yi ba, domin babu ɗakin da za a kafa injin, babu wuta, babu malamin da ya iya sarrafa shi. Wasu tsatsa ta cinye, wasu suka yi ɓatan dabo. Darasin fasaha ya koma zane a kan allo, yara na haddacewa don jarrabawa.

Dalilin tuno wannan tarihi shi ne gwamnatin tarayya ta sake ɗaura ɗamara. A 2025 Ma'aikatar Ilimi, ƙarƙashin Dokta Tunji Alausa, ta ƙaddamar da sabon shirin koyon sana'a da fasaha: karatu kyauta a kwalejojin fasaha na tarayya, alawus na wata-wata ga masu koyo, da manhajar da kashi 80 cikin ɗari aikin hannu ne, kashi 20 karatun aji. Niyya ce mai kyau, kuma ta zo a kan gaɓa. Rabin 'yan ƙasar nan ba su kai shekara 20 ba, kuma hasashen Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna yawan jama'a zai haura miliyan 350 kafin 2050. Babu gwamnatin da ke da kujerun ofis da za su ɗauki wannan taro.

Hukumomi kam ba a rasa su ba. Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, mai hedikwata a Jos, yana nan tun 1971. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha, NBTE, mai hedikwata a Kaduna, tana nan tun 1977. An kafa hukumar samar da aikin yi ta NDE a 1986, sai NABTEB mai shirya jarrabawar kwalejojin fasaha a 1992, sai Majalisar Ƙasa kan Ƙwarewa a 2020. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna ta samo asali tun 1956. Ko makarantar da Hans Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawan Kano a 1909 tana da sashen koyon aikin hannu. Amma duk da wannan jeri, mai gina gida a Abuja ko Kano idan yana son tayil ya kwanta daidai, sau da yawa ɗan Togo ko ɗan Kwatano yake nema. Da aka zo gina matatar man Ɗangote a Legas, an shigo da dubban ƙwararru daga Indiya da wasu ƙasashe, alhali matasan gida na yawo da takardu a ambulan.

Wani ɓangare na laifin yana wuyan gwamnati ita kanta. Shekara da shekaru mai babbar difloma ta HND yana shiga aikin gwamnati a bayan mai digiri, kuma akwai matakin da ba ya wucewa komai ƙwazonsa. Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta zartar da ƙudurin kawar da wannan bambanci a 2021, amma bai samu sa hannun shugaban ƙasa ba. Iyaye ba su makance ba. Uban da ya ga haka zai tura ɗansa jami'a ko da zai karanta abin da babu mai nema, kuma ba a yi masa adalci ba idan aka ce raina sana'a yake yi.

Sai dai babban gibin manufar yana wani wuri dabam. Mafi yawan masu sana'ar ƙasar nan ba a makaranta suka koya ba, kuma ba a nan za su koya ba nan kusa. Duk wanda ya shiga Panteka a Kaduna zai ga inda ake horar da matasa da gaske. Masu walda, maƙera, kafintoci, masu narka dalma da sanholo, masu ƙera injin niƙa da na casar masara da na gyaran shinkafa, kowane da yaransa a gefe, wani na riƙe ƙarfe, wani na buga guduma, wani an aike shi sayen kara. Sanannen abu ne cewa ɗaliban injiniya sukan kai zanen aikinsu na kammala karatu can a ƙera musu. Haka abin yake a Ƙofar Ruwa wajen masu mota, da Ƙofar Wambai wajen masu takalma, da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, inda matashin da bai taɓa shiga ajin lantarki ba yake ɗaga ƙwaƙwalwar waya ya mayar da wata. Uba ne ke kama hannun ɗansa ya kai wa oga ya ce ga amana. Yaro ya fara da shara da miƙa sifana, ya shekara huɗu ko biyar, ranar da aka yaye shi a yi addu'a a ci shinkafa. Gwamnati ba ta kashe ko kwabo ba, amma an samu bakanike.

Wannan tsari yana da ƙarfi, yana kuma da rauni, kuma bai kamata a ɓoye raunin ba. Oga ba zai koyar da abin da bai sani ba. Babu ƙa'idar tsawon lokaci, don haka wani yaron yakan shekara bakwai ana morar ƙarfinsa. Mai walda na aiki da baƙin gilashin kasuwa, idonsa na lalacewa a hankali. Uwa uba, ranar da kamfanin shimfiɗa bututun gas daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, ya zo ɗaukar masu walda, takardar shaida zai tambaya. Gwanin Panteka ba shi da ita.

Maganin wannan yana cikin manufar tun tuni, aiwatarwa ce ta yi nawa. Tun 2013 gwamnati ta amince da tsarin matakan ƙwarewa na ƙasa, wanda yanzu ake kira NSQF. A ƙarƙashinsa mai tantancewa zai je har wurin aikin mutum, ya zuba ido ya ga yadda yake yi, ya ba shi shaidar matakin da ya kai, ba tare da an ce ya koma aji ba. Farfesa Idris Bugaje ya gwada haɗa Kwalejin Kaduna da Panteka lokacin da yake shugabanta, kafin ya koma jagorancin NBTE a 2021. Wannan ita ce hanyar da ta fi arha, ta fi sauri, ta kuma fi dacewa da halin da ake ciki. Abin da take buƙata shi ne a horar da masu tantancewa da yawa, a sauko da kuɗin rajista inda talaka zai iya, a kuma yarda a yi tantancewar da Hausa ko duk harshen da mai sana'a ya fi ji. Ana auna ingancin walda ne, ba ingancin Turanci ba.

Maganar ayyukan gobe kuwa, gobe ta riga ta iso gareji. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ake ta mayar da motoci da A-daidaita-sahu masu amfani da gas. Farantan sola sun hau rufin gidaje da shaguna da rijiyoyin burtsatse na masu noman rani. Motar yau ba a gane ciwonta da kunne kawai, sai an jona mata kwamfuta an karanta abin da ta nuna. Mai haɗa sola dole ya lissafa nauyin kayan gida da ƙarfin batir da kaurin waya, in ba haka ba gobara ce. Tukunyar gas da aka ɗaura ba bisa ƙa'ida ba tana iya hallaka mutane. Duk waɗannan suna buƙatar karatu da lissafi, kuma a nan ne Arewa ke da babban aiki, domin mafi yawan yara sama da miliyan 10 da ba sa zuwa firamare a wannan yanki suke. Shirin horar da mutum miliyan 3 a fasahar zamani da Ma'aikatar Sadarwa ta fara a 2023 abu ne mai amfani, amma wanda ya iya karatu yake wa hidima. Yaron gareji yana buƙatar ajin yamma, kwana biyu a mako, a kwalejin fasaha mafi kusa da shi.

Jamus ake yawan kawowa misali, kuma da dalili. A can matashi yana kwana uku ko huɗu a kamfani, kwana ɗaya ko biyu a makaranta, kamfani na biyansa albashin koyo, ƙungiyoyin 'yan kasuwa da na masu sana'a ne ke shirya jarrabawar ƙarshe a sana'o'i sama da 300. Abin lura shi ne mai ɗaukar aiki yana cikin tsarin tun daga tushe. A Najeriya doka ta ɗora wa kamfanonin da ta shafa su biya ITF kashi 1 cikin ɗari na albashin ma'aikatansu, kuma ana iya mayar musu da rabi idan sun horar da mutanensu. Ke nan akwai kuɗi, akwai doka. Abin da ya rage shi ne masu masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai su zauna a teburin rubuta manhaja, su faɗi irin hannun da suke nema. Kuma a faɗi gaskiya: horo ba ya buɗe masana'anta. Masaƙun Kakuri da suka rufe sun sallami dubban ƙwararru, ba rashin iya aiki ya kore su ba, rashin wuta ne da kayan fasa-ƙwauri.

'Yan mata ma an daɗe ana taƙaita su ga ɗinki da man shafawa da sabulu. Gyaran waya da haɗa sola a cikin gidajen da namiji ba ya shiga kasuwa ce babba da ke jiran su.

Saboda haka kira yana kan gwamnatocin jihohi, domin yawancin kwalejojin fasaha a hannunsu suke. Kafin a sake yin odar inji ko ɗaya, a ɗauki malamin da ya iya aiki da shi, a biya shi albashin da zai hana shi komawa kasuwa, a sa wuta a ɗakin aiki. Shugabannin ƙungiyoyin makanikai da masu walda da teloli kuma, su tattara sunayen ogogi da yaransu, su kai wa NBTE su nemi a zo a tantance su a bana.