Malamin Asibitin Ƙauye Da Lasinsa

Jama'a, likita ba ya kwana a ƙauyukanmu. Malamin asibiti ne ke awon masu ciki, shi ke yi wa yara rigakafi. To, wa ya koya masa?

Tun 1992 doka ta kafa hukumar yi wa irin waɗannan ma'aikata rajista a Nijeriya. Babban malami karatun shekara 3, ƙarami 2, sa'an nan jarrabawa, kana lasin. Amma ga mai jaka ranar kasuwa yana tsira wa mutane allura, ba takarda! Ku ce ya nuna lasin, wannan ba rashin kunya ba ne.

Mu tura 'ya'yanmu mata karatun nan, gama su ke iya shiga gidajen kulle, baƙon birni kuwa bai cika daɗewa ba.