Ranar da babu mai tashe ka salla

Malamaina da iyayena, ku yi mini izini, yau maganata da ƙannena take, maza da mata, musamman masu shirin bak bana.

Ƴan uwa, a nan Illela ba mu kaɗai ke riƙe da kanmu ba. Baba na buga ƙofa da asuba, inna ta san lokacin da ka shigo, malamin makarantar dare na cigiyarka in ka yi fashi. To, ranar da mota ta sauke ku a Yamai, ko Tawa, ko Maraɗi, duk wannan shingen gida zai tsaya. A amfi mutum ɗaruruwa ne, babu mai kiran suna. A nan za a gane ko sallar da kake yi taka ce, ko ta tsoron baba ce.

Bari in ba ku labarin kaina. Shekarata ta farko na samu wata fada ta abokai. Ba mutanen banza ba ne, wallahi, amma shayi na farko, na biyu, na uku, sai ƙarfe 2 na dare, in na kwanta kuma salula na hannuna. Asuba ta koma bayan hudowar rana, darasin ƙarfe 8 ya koma "zan kwafa wajen wane". A tsarin LMD kowane zangon karatu kiredi 30 ne, lisansi kuma 180 cikin shekara 3, wanda ka rasa yana nan yana jiran ka. Da aka liƙa sakamako na tarar na faɗi fanni biyu. Abin da ya fi ci mini rai, rago baba ya saida ya yi mini kuɗin tafiya. Da na faɗa mishi a waya bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi Allah ya kyauta. Da ma duka na ya yi.

Abu uku suka tsamo ni. Na farko, na ɗaure lokacina da salloli biyar. Bayan asuba karatu ne har a tafi aji, bayan la'asar bita, bayan isha'i awa guda ta fada, sannan salula ta shiga jaka. Wanda ya riƙe asuba a jam'i dole ya kwanta da wuri, shi ke nan rabin matsalar ta kau.

Na biyu, kuɗi. Burs ko aiken gida a dunƙule suke zuwa, kuma zuciya ba ta iya lissafi ba. Ranar da suka zo ku raba su: na abinci, na takardu, na mota zuwa gida, ku ware jikka ɗaya ko biyu saboda rashin lafiya. Cacar ƙwallo ta cikin waya kuwa caca ce, ko da an canza mata suna.

Na uku, aboki mai iya ce maka ka yi kuskure. Ni da abokina na ɗaki, duk daren Juma'a muna zama minti 10 mu tambayi juna salla nawa ta kuɓuce, darasi nawa aka yi fashi. Abin da malamai ke kira muhasaba ke nan. Ƙannena mata, ku ma ku nemi ƴar uwa irin wannan tun satin farko, kafin wasu su zo neman ku.

Barin gida don neman ilimi ba da mu aka fara ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, nan Maratta kusa da Galmi aka haife shi a 1754, kuma ya je har Agadas wajen Malam Jibrilu ɗan Umaru. Babu burs, babu lantarki, amma ya koma gida da abin da ya je nema.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka ku fara tun gobe, tun kuna gaban iyaye: ku tashi asuba kafin baba ya buga ƙofa. Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa, ya ja zamanin wannan ƙungiya tamu.