Daga Sassaƙe Zuwa Ƙwayar Magani

Abin da wannan jawabi zai duba shi ne yadda ake samo maganin kumburi da raɗaɗi daga itatuwa, da kuma dalilin da ya sa sassaƙe ba ya zama abin dogara sai an auna shi.

Kumburi dai hanya ce ta kāre kai. Idan rauni ko cuta ta sami wani sashe na jiki, sai wurin ya yi zafi, ya tashi, ya riƙa zogi. Amma idan abin ya daɗe bai sauka ba, kamar a ciwon gaɓɓai, sai shi kansa ya koma cuta.

Tarihin asfirin ya isa misali. A shekarar 1763 wani limamin coci a Ingila, Edward Stone, ya ba da rahoton cewa garin ɓawon wilo, wata itaciya ta bakin rafi, ya sauƙaƙa wa mutane wajen 50 zazzaɓi. A 1828 Johann Buchner na Jamus ya tace sinadarin da ke aikin, aka kira shi salisin. Magungunan farko da aka yi daga danginsa suna ƙona ciki ƙwarai, sai a 1897 Felix Hoffmann na kamfanin Bayer ya gyara shi, aka fara sayar da shi a 1899. Watau shekara 136 ke nan tsakanin rahoton Stone da ƙwayar da ke kanti. Ko da haka, sai a 1971 John Vane ya gano cewa asfirin yana hana jiki yin wasu sinadarai masu tayar da kumburi da zogi. Wannan bincike ya jawo masa lambar Nobel a 1982.

A yau kasuwa ta cika da ƙwayoyin ƙarin lafiya waɗanda ba su bi wannan doguwar hanya ba. Ga kurkum, alal misali. Sinadarinsa mai suna kurkumin yana rage kumburi a ɗakin gwaji, amma hanjin mutum kaɗan yake tsotsa daga cikinsa. Don haka masu sana'ar suka riƙa tattara shi da ƙarfi, suna haɗa shi da sinadarin masoro domin ya shiga jini. A 2019 an sami mutane a Italiya da ciwon hanta bayan shan irin waɗannan ƙwayoyi, a 2023 kuma hukumar magunguna ta Ostareliya ta yi gargaɗi a kansu. Kurkum na cikin miya daban, wanda aka dunƙula a ƙwaya daban.

Ƙasar Hausa ma tana da nata rabo. Itaciyar hano, wadda magabata ke dafa sassaƙenta don zazzaɓi da ciwon gaɓɓai, masana suna kiranta Boswellia dalzielii, domin tunawa da Dakta J. M. Dalziel wanda ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916. 'Yar'uwarta ta Indiya ita ce aka fi gwadawa, kuma wasu ƙananan gwaje-gwaje sun nuna ƙaronta yana sassauta ciwon gwiwa. Amma zumunta ba shaida ba ce. Lalle ne hano ta ci nata gwaji a jami'o'in ƙasar nan: wane sinadari ne a cikinta, nawa ne ya isa, nawa ne ya yi yawa, kuma wa bai kamata ya sha ba.

Kafin wannan aiki ya kammala, shawara ga mai saye ita ce ya duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalba, ya kuma gaya wa likita duk abin da yake sha, musamman mai ciki, da mai gyambon ciki, da mai ciwon hanta ko ƙoda. Abin da ke da ƙarfin warkarwa yana da ƙarfin cutarwa, awo ne kawai ke raba su.