Yini Guda a Rey Bouba

Mu a nan Poli, in an ce gari mai ganuwa sai hankali ya tafi Kano ko Zazzau, alhali ga namu a Rey Bouba, cikin lardin Mayo-Rey na Kamaru.

Lamiɗo Buba Njidda ne ya kafa sarautar Fulani ta Rey Bouba, kuma a farkon ƙarni na 19 aka gina fadar. Katangar ƙasa ce ta kewaye ta, tsawonta kusan mita 800, tsayinta ya kai mita 7. Tun 2006 Kamaru ta sa sunan masarautar cikin jerin wuraren da take neman UNESCO ta amince da su.

Mai son zuwa ya dawo a yini guda, sai ya tashi da asuba, kuma da rani. Da damina hanyar takan ba direba kunya. Daga Poli a fito babban titin Garwa zuwa Ngaundere, a karya ta Gijiba, a bi ta Tcholliré.

Kada kuma a je babu ɗan jagora. Fada ba kasuwa ba ce. Dogarai na bakin ƙofa, sai da izini ake shiga, a tuɓe takalmi, a sassauta murya. Jagora nagari shi zai nema muku iso, ya fassara Fulatanci, ya ce ga inda ake ɗaukar hoto, ga inda ba a yi.

Abin da ke damuna shi ne, Bature ya taso daga Faransa ya ga katangar nan, ɗalibanmu na sakandare kuwa sai dai labari. Shugabannin makarantu, hayar mota guda ta yini ɗaya nawa ce?